An Haifi 'Yata da Wutsiya

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun hamsin, tun Turawa ba su ba mu mulkin kai ba, ina da ɗan shagon ɗinki a Nasarawa Gwom, cikin garin Jos. Sunansa dai shago, amma zauren gidanmu ne aka raba biyu na kafa keken ɗinkina a ɓangare ɗaya. Yawancin aikina facin kakin leburorin haƙar kuza ne, sai in salla ta matso in ɗan taɓa manyan riguna. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ban daɗe da aure ba, kuma a ganina duk Jos babu wanda ya kai ni iya magana. Wannan na ƙarshen shi ne babban ciwona a lokacin, ko da yake ni ban san ciwo ba ne.

A gidan da ke jikin namu akwai wani Bayarabe, Kirista, yana koyarwa a wata makarantar sakandare can wajen Gada Biyu. Duk unguwa Tisha ake ce masa. Ya girme ni da 'yan shekaru, amma mun shaƙu ƙwarai. In ya taso daga makaranta sai ya jingine basukur ɗinsa a bakin shagona, ya zauna a benci, ina taka keke muna hira. Shi ya koya mini karanta jarida. Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Ni ban gaji da gyara masa ba, shi ma bai gaji da ƙin gyaruwa ba.

Wata rana bayan la'asar mai wasa da biri ya biyo ta layinmu. Gwaggon biri ne ƙato, an sa masa 'yar riga ja, yana tsalle yana sara wa mutane kamar ɗan sanda. Yara da manya suka yi dafifi a ƙofar shagona. Kowa na dariya, Tisha kuwa ya ƙura wa hannun birin ido.

Ya ce, "Oga Tela, dubi yatsansa. Dubi farce. Yanzu dubi naka."

Na ce me yake nufi. Sai ya shiga gaya mini abin da yake koya wa ɗalibansa. Wai masana sun bincika sun ga halittu ba rana ɗaya suka bayyana yadda muke ganinsu ba, a hankali suka riƙa sauyawa, tsawon zamanin da ba ya ƙirguwa. Wai in aka bi baya sosai, asalin jikin mutum da na biri ya haɗu a wuri ɗaya.

Na tsayar da keke. Na ce, "Kai da ba ka fashin coci kake faɗin haka?"

Ya ce, "Shi ya sa nake faɗi. Ni ban ce abin ya yi kansa ba. Allah ne ya ja shi. Tun farko ya san inda zai kai shi, wato ni da kai. Hanya ne kawai ya yi tsawo."

Da mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na tambaye shi ya ƙara mini bayani. Amma ga jama'a a tsaye, ni kuma ba na iya ganin taro in bar bakina ya huta. Na miƙe na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku matsa ku ba Tisha wuri ya gaida kakansa!" Wuri ya kece da dariya. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara da cewa mu dai 'ya'yan Annabi Adamu ne, kaf danginmu babu mai wutsiya. Na ce in su a ƙasarsu suna da ita, ya kawo yadi in ɗinka masa wando mai aljihu a baya ya riƙa zuba ta.

Tisha ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba, ya ja basukur ɗinsa ya shiga gida. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun laƙaba masa "jikan biri", suna bin sa da shi in ya wuce. Na ji har makarantarsu sunan ya kai. Ya daina zama a bencina. In muka haɗu sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. Na san ban kyauta ba, amma na riƙa gaya wa kaina ai addini na kare. Haka muka shafe wata biyu da wani abu.

A lokacin matata na da tsohon ciki, cikin fari. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, danginta kuma suna nesa, don haka ba ta tafi haihuwa gida ba, mahaifiyata ce ta riƙe ta. Ana tsakiyar damina, irin kwanakin nan na Jos da rana ba ta leƙowa sai yayyafi da sanyi. Da hantsin wata Talata naƙuda ta kama ta. Aka kira ungozoma, ni kuma na koma shago na zauna ina riƙe da almakashi ban yanka komai ba.

Na ji kukan jariri. Na jira guɗa, shiru. Na ƙara jira, shiru. Can sai ga mahaifiyata ta ɗaga labulen zaure ta ce, "Kai, shigo."

Duk wanda ya san al'adarmu ya san ba a kiran uba ya ga 'yar fari a wannan lokaci, kunya ma ba za ta bar shi ba. Don haka tun kafin in kai ƙofar ɗaki na san ba lafiya ba. Na tarar an wanke yarinya an naɗe ta a zane. Mace ce, ga gashi, ga kumatu, komai nata lafiya. Inna ta kife ta a cinya ta yaye zanen. A ƙarshen bayanta, daidai saman ɗuwawu, ga wani abu ya fito, tsawonsa kamar ƙaramin yatsana, fata ce da tsoka, laushi luƙui, bakinsa ya ɗan lanƙwasa.

Babu wanda ya kira sunan abin. Ba a bukata. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai shi ne muryata a ƙofar shago, ina cewa kaf danginmu babu mai ita. Na tabbata Allah ne ya kama ni da bakina, ya kuma kama ni ta kan wadda ba ta san hawa ba balle sauka.

Inna ta roƙi ungozoma ta rufa mana asiri, tsohuwar kirki ce, ta kuwa rufa. Amma kafin azahar gwaggona, yayar marigayi mahaifina, ta iso barka, kuma ba a ɓoye mata abu a gidan. Ta duba yarinya sau ɗaya ta ja da baya tana salati.

Ta ce, "Wannan ba mutum ba ce. 'Yar ruwa ce. Na sha faɗa a hana yarinyar nan bi ta bakin kududdufan kuza da ciki, ba a ji ba. Aljanun ruwa sun yi musanya." Ta ce kada a ba ta nono tukuna. A kai ta bakin ruwa a ajiye a ɓuya, in tasu ce za ta rikiɗa ta shige, a huta.

Duk a kunnen matata. Sai ta miƙa hannu ta karɓi 'yarta, ta juya wa kowa baya ta fuskanci bango, ta sa mata nono. Tun daga nan ba ta yarda kowa ya ɗauke ta ba sai Inna, ko kunun kanwa ta ƙi sha sai da aka yi ta lallashi.

Mahaifiyata ba ta yarda da zancen bakin ruwa ba, amma na ga maganar ta taɓa ta. Shawararta ita ce a yi maza a kawar da abin kafin 'yan barka su yawaita. Ran kwana uku wanzami zai zo cire wa yarinya beli kamar yadda aka saba, sai ya haɗa da wannan, aska ɗaya an wuce wurin. Na amince, don ba ni da wata dabara. Amma raina bai kwanta ba. Ran nan na ɗinke hannun rigar wani bawan Allah ruf, sai da ya zo sawa ya rasa inda zai zura hannu.

Washegari da sassafe na tsaya a ƙofar gida ina jiran Tisha ya fito. A duk mutanen da na sani, shi kaɗai ne ya taɓa karanta wani abu game da jikin mutum. Kuma a duk mutanen da na sani, shi ne wanda ya fi cancanta ya yi mini dariya. Ya turo basukur ɗinsa, ya gan ni, ya tsaya.

Ya ce, "Oga Tela, barka. Na ji madam ya sauka lafiya."

Na buɗe baki in amsa, sai kuka ya ƙwace mini. Ƙato da ni, a kan titi, mata masu kai kayan miya kasuwa suna wucewa. Ya ja ni cikin shago ya sakaya ƙofa. Na gaya masa komai, har da maganar gwaggo da ta wanzami. Ina magana ina kallon bakinsa, ina jiran in ga ya motsa. Wallahi ko alamar murmushi ban gani ba.

Tambayoyi ya shiga yi mini. Tana motsa ƙafafu duka biyu? Tana fitsari? Abin yana da tauri ko laushi? Da na amsa sai ya kama kafaɗata ya ce, "Ka ji ni da kyau. Kada ka bari aska ya taɓa wurin. Lakar baya nan yake wucewa. In abin ya haɗu da shi aka yanka, yarinya ba zai yi tafiya ba har abada. Yau za mu je asibiti."

Na ce ai yana da makaranta. Ya ce makaranta ba za ta gudu ba. Ya hau basukur ya je ya nemi izini, ya dawo a motar wani ɗan cocinsu mai jigilar kaya.

Aikin da ya rage shi ne shawo kan Inna. Ta ce ita ba ta taɓa jin an fita da jariri ɗan kwana biyu ba, balle mai jego ta bar wanka ta shiga gari, ga ruwan sama. Tisha ya nemi a yi masa iso. Yana shiga tsakar gida ya zube ƙasa irin gaisuwar Yarabawa, da fararen kayansa na makaranta, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya ce, "Mama, yau ɗaya nake roƙo. In likita ya ce ba komai, wanzami yana nan gobe, ba wanda ya kore shi."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta san abin da na yi masa, duk unguwa ta sani. Ta ce, "Tashi, ɗan nan, ka ɓata kayanka." Kafin ta ƙara wata magana sai ga matata ta fito daga ɗaki ta riga ta yi lulluɓi, yarinya a ƙirjinta. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ƙafata ƙafarta." Wannan ce magana ta farko da na ji daga bakinta tun da ta haihu.

Likitan da ya gan mu wani Bature ne dogo mai sanƙo, ba ya jin Hausa sosai, Tisha ne ya yi mana tafinta. Ya kwantar da yarinya ya daddanna bayanta, ya sosa tafin ƙafarta ta harba, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi. Muka zauna a baranda muna jira har azahar ta gota. Da aka sake kiranmu sai ya ce babu ƙashi a ciki, kuma bai ga alamar abin ya haɗu da laka ba, amma ba a yanka irin wannan wurin sai a ɗakin tiyata, inda za a bi a hankali a ga abin da ke ƙasa. Ya ce mu bari ta yi ƙwari, bayan arba'in mu dawo.

Inna ta taɓa Tisha ta ce, "Tambaye shi, mutum ce?"

Da aka fassara masa, likita ya dube ta, bai yi dariya ba. Ya jawo wani babban littafi ya buɗe mana hoton wani abu mai kama da ƙwayar wake, ya lanƙwashe, da 'yar wutsiya a ƙarshensa. Ya ce wannan ɗan tayi ne, ɗan mutum, yana da 'yan makonni a ciki. Kowane ɗan Adam da wutsiya yake farawa, kafin a haife shi sai ta koma ta ɓace. A wasu 'yan ƙalilan sai ɗan guntu ya saura. Shi ke nan abin da ya sami 'yarmu.

Na ce, "Kowa da kowa? Har ni?"

Ya nuna ni, ya nuna Inna, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna sama da yatsa ya ce har Gwamna. Ya ce a fahimtarsu alama ce da ta rage daga kakanni na can baya masu wutsiya.

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce a tambaye shi, to wa yake gaya mata ta koma? Wa ya tsara abin ya bi ta nan har ya zo ya zama mutum? Likita ya rufe littafi, sannan ya yi magana mai tsawo. Na lura fuskar Tisha ta canza, kamar wanda aka ba shi magani mai ɗaci, amma ya juyo ya fassara mini.

Ya ce, "Ya ce shi ya san yadda abin yake faruwa, amma bai ga hannun kowa a ciki ba. A ganinsa ba wanda ya nufa a kai ga mutum. Dogon lokaci ne da dace, wanda ya iya rayuwa ya rayu ya haihu. Ya ce da za a sake daga farko, wataƙila ba mu za mu fito ba. Ya ce wannan ra'ayinsa ne, littafin bai faɗa ba."

Na daɗe ina tuna wannan. Tisha zai iya sauya maganar ya ce likita ya goyi bayansa, ba wanda zai gane a cikinmu. Amma ya ba ni ita yadda take, duk da ta saɓa wa abin da ya yi imani da shi.

A hanyar komawa mata suna gaban mota, ni da shi muna baya mun lulluɓa da buhu saboda yayyafi. Na ce masa, "Tisha, kai da likita littafi ɗaya kuka karanta, ya aka yi kuka raba hanya?"

Ya ce, "Littafin ya gaya mana yadda. Bai gaya mana don me ba. Shi ya duba ya ce dace ne. Ni na duba na ga abu ya taso daga ƙwayar wake har ya zo yana tambaya wa ya yi ni, sai na ce a'a, akwai mai jan wannan."

Na ce, "In akwai mai ja, me ya sa ya bar wa 'yata wannan?"

Ya gyara buhun da ke kansa, muka wuce wata gada. Sannan ya ce, "Ban sani ba, Oga Tela. In na ce na sani na yi ƙarya."

Ni kuwa a raina sai na tuna aikina. In zan ɗinka babbar riga nakan fara kama yadin da wani farin zare, manyan ɗinki, don kada ya goce a keke. In na gama sai in zare shi. Wanda ya ga rigar a tsakiyar aiki zai ce wannan wane irin shirme ne, alhali ni na san rigar da nake nufi tun kafin in sa almakashi. Na gaya wa Tisha haka. Ya yi dariya, dariyarsa ta farko da ni cikin wata biyu, ya ce misalin ya yi, sai dai kada in kai shi da nisa, don ni ina mantuwa in bar zare, Allah kuwa ba ya mantuwa. Na ce to ai shi ne tambayata ta ɗazu. Ya ce shi ma ai amsarsa ta ɗazu ce.

Mun tarar da gwaggo tana jiranmu a tsakar gida. Tun kafin mu zauna ta soma, wai an kai wa Nasara abin da ba na asibiti ba. Inna ta kwance mayafinta a natse ta ce, "Yaya, na gani da idona a littafi. Kowa da ita yake farawa a cikin uwarsa. Ni na yi, wannan yaron ya yi, ke ma kin yi. Taki ce dai ta koma da wuri." Ta ƙara da cewa, "Jikata mutum ce, 'yar mutane. Wanda ya sake kawo mini zancen bakin ruwa, ni da shi ne." Ban taɓa jin mahaifiyata ta ɗaga wa dangin mijinta murya ba sai ran nan. Don gaskiya, gwaggo ba muguwa ba ce, abin da ta taso ta ji ke nan. Daga baya ita ce ta fi kowa goyon yarinyar.

Wanzami ya zo ran suna ya yi aski kawai. Inna ce ke wa yarinya wanka ita kaɗai a ɗaki, ba wanda ya ga bayanta. Bayan arba'in muka koma asibiti, Tisha na tare da mu. Aikin bai daɗe ba. Da aka fito da ita tana tsala kuka tana harba ƙafafu biyu, na ga Tisha ya juya ya fuskanci taga yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Akwai sauran abu ɗaya a wuyana. A gaban jama'a na ci masa mutunci, don haka haƙurin cikin shago bai isa ba. Wata yamma da layinmu ya cika, na fito na tsaya a inda na tsaya wancan karon, na ce ina so kowa ya shaida ni na yi wa Tisha wauta, na zage shi na zagi mutanensa a kan abin da ban sani ba, kuma duk yaron da na sake ji ya kira shi da wancan sunan zai gamu da ni. Mutane suka yi ta mamakin abin da ya same ni, don ba su san dalili ba. Tisha ya ce, "Ya wuce, Oga Tela. Zauna ka gama mini wandona, wata uku yana wurinka."

Daga baya na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ina tsoron kada imanina ya taɓu. Ya saurare ni har na gama. Ya ce mu abin da aka sanar da mu game da Annabi Adamu muna riƙe da shi, ba ma saki. Ya ce halittar mutum mataki-mataki a cikin mahaifa kuwa ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Sauran abin da masu bincike ke faɗa, ya ce shi bai karanta ba, don haka ba zai gaskata ba, ba kuma zai yi rantsuwa a kai ba. Amma ya ce in riƙe abu ɗaya: ko ta gajeriyar hanya aka zo da mu ko ta doguwa, ba mu muka kawo kanmu ba. Sannan ya ce laifin da ya tabbata a labarin nan shi ne na bakina, in je in ji da shi.

Yau na tsufa, na ji muhawarar nan a bakin mutane iri-iri, wasu sun fi Tisha ilimi, wasu sun fi ni surutu. Har yanzu ba zan ce na warware ta ba. Ban zama masani ba, tela nake. Ina nan a kan imanina cewa ba a banza muka zo ba, akwai Wanda ya nufe mu tun kafin a san za a yi mu. Yadda ya bi da abin kuwa, na daina yi masa iyaka da ɗan guntun sanina. Na kuma san mutum zai iya duban abu ɗaya da kai ya ga daban, kamar likitan nan, ya kuma zama ta hannunsa Allah zai taimake ka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Ilimin da na yi wa dariya a ƙofar shago shi ne ya ba mahaifiyata abin da ta kare jikarta da shi. Mutumin da na mayar abin tsokanar yara shi ne ya hana aska taɓa bayan 'yata. Na ɗauka kama ni aka yi, amma da na waiwaya sai na ga tun kafin a haife ta an riga an ajiye mata maƙwabci a jikin bangonmu. In an tambaye ni ko akwai mai jan al'amura, ni daga nan nake fara ba da amsa, don shi ne wanda na gani da idona.

Tisha ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, can ya rasu. 'Ya'yansa har yau in sun shigo Jos sai sun zo sun gaishe ni, Baba suke ce mini. 'Yata kuwa ta yi tafiya tun ba ta cika shekara ba, ta girma ta yi aure, yanzu ita ma kaka ce. Ɗan tabo ne kawai ya rage, bai kai tsawon farce ba. Sai da ta haifi ɗanta na fari uwarta ta gaya mata labarin, don ta ga muna ta juya jariri muna leƙa bayansa ta ce lafiya?

Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininta, tunda bayanta ne ba nawa ba. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, ka faɗa, ai abin godiya ne. Amma don Allah ka gaya musu 'yar ƙarama ce, na san halinka da ƙarin gishiri."

To, kun ji. 'Yar ƙarama ce. Alhamdu lillahi.